Shekarar da Aka Kashe Mini Jaki Saboda Diloli

Abubuwa da yawa sun same ni a gidan aure waɗanda na yafe kuma na manta, amma abin da ya faru a lokacin sanyin shekarar da diloli suka sauko mana, shi kam ko zan tsufa har in kasa gane jikokina, ba na jin zai fita daga raina. An daɗe da yin abin, mutanen garinmu ma sun daina zancensa, wasu kuma da gangan suka daina. Ni dai har yau in na tuna sai in ji ƙirjina ya ɗauki zafi, in ina daka sai in ga ina dukan turmi kamar shi ya yi mini laifi.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne arewa da Barmu, a gindin dabagi, wato shimfiɗaɗɗen tudun dutsen nan da ba ya fid da komai sai ƙaya da tsakuwa. Gidanmu shi ne na ƙarshe. Bayan danganmu babu maƙwabci, sai rumbuna, sai gonar da aka girbe, sai duwatsu. Kamar yadda aka saba a Adar, da an gama girbi an zuba hatsi a rumbu, maza masu ƙarfi sai su kama hanyar neman abinci. Maigidana yana Abijan a lokacin. Ya bar ni da 'ya'yanmu mata biyu ƙanana da mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna, tsohuwa mai ciwon gwiwa da ba ta iya nisa. Wanda aka bar wa amanarmu shi ne wan maigidana, babban ɗan Inna, da nake kira Yaya. Shi ba ya zuwa ko'ina, yana da shanu da garkar albasa, gidansa kuma yana tsakiyar gari kusa da masallaci. Tsakanina da shi akwai kunya irin ta wan miji. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba, in zan gaishe shi sai na durƙusa.

Ina da jaki ɗaya. Ba na maigidana ba ne, nawa ne, mahaifina ya ba ni shi da aka yi mini aure, saboda ya san garin da za a kai ni rijiyarsa tana can ƙasa cikin kwari, hanyar dawowa kuma hawa ce da duwatsu. Jakin ya manyanta, gaskiya ne, bakinsa ya yi fari, kuma ba ya son a gaggauta shi. Amma kullum safiya shi ke ɗauko mana jarkokin ruwa, shi ke kawo kara da itace, shi ke kai Inna likita in gwiwar ta matsa mata. Bayan rasuwar mahaifina, ba ni da wani abu nasa a hannuna sai wannan dabba.

Ni na fara ganin dilolin. Wata safiya ce mai tsananin sanyi, irin wadda ruwan randa ke cizon yatsu. Rana ta ɗan fito, yara suna tsugune gaban murhu suna jin ɗumi, na zagaya bayan gida in ɗebo kara in ƙara wuta. Ina sunkuyawa sai na ji awakina sun yi tsit, sun matse a kusurwar garke guda. Na ɗaga kai. A kan wani falalen dutse, kusa ƙwarai da rumbunmu, ga dila tsaye. Da farko na ɗauka kare ne, sai na ga siririn bakinsa, da manyan kunnuwa a tsaye, da jela mai gashi tana reto. Numfashinsa yana fita kamar hayaƙi saboda sanyi. A gefensa akwai wani kwance, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa, can baya kuma ga na uku yana shinshina ƙasa. Ba ni suke kallo ba, garken suke kallo, cikin natsuwa, kamar masu zaɓen kaya a kasuwa. Na yi tsawa, na ɗauki dutse na jefa. Na tsayen ya juyo ya dube ni ido cikin ido, bai ko razana ba. Sai da ya ga dama sannan ya juya, sauran suka bi shi, suka hau dabagi suna tafiya a hankali.

Na taso a ƙauye, na saba jin kukan dila daga nesa, amma ban taɓa ganin ya zo gindin rumbu da rana a sama ba. Na koma ciki. Inna ta ce lallai yunwa ce ta koro su, damina ba ta yi kyau ba a arewa, makiyaya sun wuce da wuri, dajin ya zama wayam. Ta ce in je in gaya wa babban ɗanta.

Na same shi a ƙofar gidansa, ya lulluɓe da bargo yana shan shayi da abokansa. Na durƙusa daga gefe na gaishe su, na faɗi abin da na gani. Bai ko ajiye kofin ba.

"Mi kinka ce kin gani? Dila? Da rana tsaka?"

"Da hantsi, Yaya. Uku ne, bayan rumbu."

"Karnukan makiyaya ne," in ji shi. "Mace in mijinta ya yi nisa, ko kyanwa ta gani sai ta ce zaki ne. Tahi gida, ba komi."

Abokansa suka yi dariya. Na tashi na tafi, kunnuwana suna zafi. Wannan dariyar ita ce farkon fushina, kodayake a lokacin na haɗiye ta, don haka aka koya mana.

Ba a jima ba suka ɗauke mini ɗan akuya. Da la'asar ne, awaki suna dawowa daga kiwo, a kan idona ɗaya ya ratso ta cikin kara ya cafke shi a wuya, kafin in kai wurin sai jini a kan tsakuwa. Na sake aika wa Yaya, ya ce in riƙa ɗaure dabbobina da kyau. Bayan nan suka ɗauki kajin maƙwabciyata, suka yaga cikin tunkiyar wata gwauruwa da ke can gefen gari. Kullum da safe ko da yamma sai mun gan su a kan duwatsu, wani lokaci biyu, wani lokaci fiye. Na hana yarana fita bayan gida ko da fitsari ne. Mu matan bakin gari muka yi ta magana, amma dabbobin mata ne ke tafiya, don haka maganar ba ta wuce bakin rijiya ba. Sai ranar da suka shiga tsakiyar gari suka kashe ɗan ragon da Yaya ke kiwo don Layya. A ranar ne diloli suka zama gaskiya. A ranar ne aka tsaya bayan sallar azahar ana shawara, wanda ya ce karnuka ne shi ya fi kowa ɗaga murya.

Labari ya kai kasuwar Barmu, kuma daga kasuwar ne mutumin ya biyo mutanenmu. Baƙo ne, ba wanda ya san garinsu. Ya zo a kan moto, wato babur, da buhuna a ɗaure a baya, da rawani ya rufe rabin fuska, da baki mai daɗi. Ya ce shi maharbi ne, aikinsa ke nan raba garuruwa da miyagun namun daji, ya ambaci ƙauyuka da dama da ya ce ya yi wa aiki. Ya ce yana da magani wanda in dila ya lasa ba zai kai raminsa ba. Da aka tambaye shi ladansa sai ya dafa ƙirji ya ce don Allah yake yi, ba ya son komai, abinci kawai za a ba shi. Abu ɗaya yake bukata: mushe babba, ba akuya ba, ba tunkiya ba, dabba mai girma wadda warinta zai tara dilolin dabagi gaba ɗaya su ci a lokaci guda.

Garin nan akwai shanu, akwai jakuna da yawa. Yaya kansa yana da jakuna biyu ƙarfafa. Amma da aka zo ga wanda zai ba da dabba, kowa ya sunkuyar da kai, sai Yaya ya tuna cewa a gidan ƙanensa akwai tsohon jaki.

Da yamma ya shigo gidanmu, ya gaida Inna, ya zauna a kan turmi. Ina cikin ɗaki, ta bayan labule nake jin sa. Ya yi bayani mai tsawo a kan taimakon gari, sannan ya ce gobe za a zo a tafi da jakin.

Ban san lokacin da na yi magana ba. "Yaya, a yi haƙuri, jakin nan shi ne ruwanmu."

"Wanga jaki ko an bar shi ba ya kai damina," ya ce. "Kuma ke kinka fara kawo kukan diloli. Yanzu an samu magani, ke za ki hana?"

"Ubana ya ba ni shi."

"Da ke da abin da ubanki ya ba ki, duk a gidanmu kuke."

Inna ta ce, "Kai, bar yarinyar nan da abinta. Ka ba da naka mana, ba biyu gare ka ba?"

"Inna, wagga magana ta maza ce," ya ce, ya tashi ya kakkaɓe rigarsa.

Na ce masa ban yarda ba, na faɗa har sau biyu, da muryar da zai ji. Bai amsa ba. Daga baya na samu labarin cewa yana fita ya kira maigidana a waya, ya ce masa gari ya yanke shawara, shi kuma daga can Abijan ya ce, "Duk yadda kunka gani, Yaya." Bai kira ni ba. Bai tambayi ko jakin na wane ne ba, alhali ya fi kowa sani. Wannan ma na ajiye shi a gefe guda na zuciyata.

Washegari ba wanda ya zo, har na fara cewa ko maganar Inna ta yi aiki. Ashe jira suke in bar gida. Da aka yi rasuwa a ƙauyen da ke kusa da mu, dangin mahaifiyata, dole na tafi gaisuwa tun da sassafe. Na dawo wajen azahar, ina shiga gida na ga turke babu kowa, igiya a yashe a ƙasa, ga ragowar karan da na zuba masa bai gama ci ba. Inna tana zaune bakin ɗakinta, idanunta sun yi ja.

"Ɗiyata," ta ce, "na yi magana har muryata ta dushe. Sun tahi da shi."

Ban cire mayafina ba. Na juya na kama hanyar dabagi. Ban san abin da zan je yi ba, na dai san ba zan iya zama ba. Inna tana kirana tana cewa baƙon ya hana kowa hawa, wai ƙarfin maganin yana iya kama mutum daga nesa. Ban saurare ta ba.

Tun daga ƙasa na hango angulaye. Ban taɓa ganin yawansu haka ba, sun cika sama suna kewaya wuri guda, suna sauka ɗaya bayan ɗaya. Ina so in faɗi gaskiya a nan: ni ma har lokacin ban zargi mutumin da komai ba. Ban tambayi kaina me ya sa mai neman dila zai shimfiɗa mushe a fili, rana a tsaka, ya kuma kori kowa ba. Jakina kawai nake tunani.

Da na kai saman tudun sai na tsaya bayan wani dutse. Ga jakina can a kwance a fili, an farke cikinsa an buɗe shi. Kansa yana fuskantar inda nake, farin bakin nan nasa a kan tsakuwa. Kewaye da shi kuwa angulaye ne, wasu suna ci, wasu sun koma gefe suna layi kamar masu maye, suna buɗe fukafukai suna faɗuwa, wasu sun riga sun miƙe. A tsakiyarsu ga maharbin, ya tuɓe rawani, ya naɗe hannun riga, da wuƙa a hannunsa. Yana bin su ɗaya-ɗaya, ya take fiffike da ƙafa, ya yanke kai, ya yanke ƙafafu, ya jefa a buhu. Wasu ma ba su gama mutuwa ba. Yana yi yana 'yar waƙarsa, kamar mai tsinkar kuɓewa a garka. Babu dila ko ɗaya a wurin, kuma ko sau ɗaya bai ɗaga kai ya duba ko suna zuwa ba.

A nan na gane. Ba don dilolinmu ya zo ba. Na taɓa jin ana cewa akwai masu sayen kan angulu a manyan kasuwanni don tsubbu, ban taɓa kawowa a raina cewa zan gani da idona ba. Ya ji labarin tsoronmu a kasuwa, ya zo ya yi amfani da shi, dattawan garinmu kuma suka ba shi tuwo, suka ba shi tabarma, suka ba shi jakina.

Na fito daga bayan dutsen na ce, "Kai! Allah ya isa tsakanina da kai!"

Ya zabura ya juyo, wuƙar tana ɗigar jini. "Ke, wa ya ce ki hawo nan? Koma, maganin na kashe mutum!"

"Ina dilolin da ka zo kashewa? Mi kake zubawa cikin buhu?"

Ya yi taku biyu zuwa wajena. Sai a lokacin na tuna ni kaɗai ce a kan tudun, ba mai jin ihuna. Na juya na gangara da gudu, duwatsu suna yankar ƙafata, takalmina ɗaya ya tsinke na bar shi a can.

Na tarar da maza sun fito daga sallar la'asar. Ban durƙusa ba, ban gaida kowa ba, na tsaya ina haki na faɗi abin da na gani. Kun san abin da Yaya ya fara cewa? Bai ce mu je mu gani ba. Cewa ya yi, "Wa ya ba ki izinin hawa can?" Aka tsaya ana gardama, wani ya ce wataƙila cikin aikin ne, wani ya ce kada a ɓata wa baƙo rai ya fasa. Suna cikin wannan sai muka ji ƙarar moto daga can bayan tudu, tana nisa, tana nisa, har ta ɓace. Da suka hau ba su tarar da komai ba sai gawar jakina da tarin tsuntsaye marasa kai. Ko bargon da aka ara masa bai bari ba.

Da abin ya tsaya nan, da sauƙi. Suka tsaya shawarar wanda zai taɓa mushen mai guba har duhu ya yi, aka ce a bari sai da safe. Kafin safiya karnukan gari sun hau sun ci. Da gari ya waye sai gawarwakinsu a kan hanya, wasu a ƙofar gidajen masu su, bakinsu da kumfa. Karnukan nan su ne 'yan abin da ke sa diloli shakkar shiga tsakiyar gari, aka wayi gari babu ko ɗaya. Sannan angulayen da suka ci kaɗan suka iya tashi, ƙishirwa ta kai su kwari. Matan da suka fara zuwa ɗiban ruwa suka tarar da su a zube kewaye da rijiya, guga na farko kuma ya fito da fuka-fukai. Ashe angulu ɗaya ta faɗa ciki. Aka hana shan ruwan har sai an yashe rijiyar, masu ƙarfin yashewa kuwa duk suna Abijan da Libiya.

Dilolin fa? Da yammacin ranar da aka binne karnuka, na zagaya bayan gida na gan su a kan falalen dutsen nan, lafiyarsu lau, sun ma ƙaru. Ko sun shinshina mushen sun ƙi, ko ba su je ba sam, Allah ne masani.

Ruwa ya koma sai rijiyar ƙauyen gaba. Masu jakuna da amalanke ba su ji komai ba. Ni kuwa sai na ɗora jarka a ka, na goya ƙaramar, babbar tana riƙe da zanena, don ba na iya barin su a gida da tsohuwa ga diloli a bayan danga. A cikin sanyin nan nake fita, ƙafafuna duk sun tsage da faso, in dawo wuyana kamar zai karye, ruwan kuma bai isa sha da girki da alwalar Inna ba, sai in sake komawa. Ba wanda ya zo ya ce mini sannu. Ba wanda ya ce an yi kuskure. In na wuce majalisa sai a yi shiru, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Na aika wa maigidana saƙon murya na faɗa masa komai, ya amsa da cewa in yi haƙuri, in ya dawo za a duba.

Wata safiya ina hawowa da jarka a ka, ƙaramar tana kuka a bayana don sanyi, sai jakunan Yaya guda biyu suka wuce ni, kowanne da jarkoki cike, ruwa yana zuba a kan hanya. Matarsa tana biye da su hannu sake. Ba ta yi mini komai ba, baiwar Allah, har ta ce, "Sannu, kawo in ɗora miki." Na ce ta bar shi. Na tsaya ina kallon ruwan da ke ɗiga daga jarkokinsu yana shiga ƙasa, sai na ji wani abu ya tsinke a cikina. Duk kunyar da aka rene ni da ita, duk durƙuson da na yi shekara da shekaru, a wurin nan suka ƙare.

Na kai ruwan gida, na sauke yarinyar na miƙa wa Inna, na ɗauki igiyar jakina da ke rataye. Na bi ta tsakiyar gari. Yaya yana ƙofar gida da mutanensa, da bargonsa, da shayinsa. Na wuce su ban gaishe su ba, na shiga gidan, na nufi turke, na kwance babban jakin, wanda ya fi ƙarfi, na sa masa igiyata na jawo shi waje.

Yaya ya miƙe tsaye, bargon ya zame. "Ke! Lahiya? Ina za ki da shi?"

A ranar na fara ganin ƙwayar idonsa. Na ce, "Gida za ni da shi."

"Kin yi hauka? Jakina ne!"

"Nawa ma jakina ne, Yaya. Na ce maka ban yarda ba, ka jira na tahi gaisuwar mutuwa ka aiko anka kwance shi. Na ce na ga diloli, kunka yi mini dariya. Baƙo ya zo da ƙarya, kunka shimfiɗa mishi tabarma. Ga naka biyu a turke, ka ba da na marainiya. Yau ɗiyan ƙanenka da uwar da ta haife ka ba su da ruwan sha. In akwai wanda zai karɓe igiyar ga daga hannuna, ya taso."

Hawaye suna zuba, amma ban sassauta riƙon ba. Mutane sun taru, mata suna leƙe ta kan danga. Wani dattijo ya ce, "Haba ɗiyata, ba a yi wa wan miji haka." Na ce masa, "Baba, ranar da anka ja nawa kana nan zaune, ba ka ce ba a yi wa matar ƙane haka ba."

Yaya ya matso zai kama igiyar. Sai ga Inna. Ban san yadda ta yi ta iso ba, da sandarta, da jikarta a hannu ɗaya, tana jan ƙafa, matar da ko masallaci ba ta iya kaiwa. Ta tsaya tsakanina da shi tana numfashi da ƙyar.

"Taɓa ta in gani," ta ce. "Uwar wanga jaki tawa ce, ni na ba ka ita kana saurayi. Yau na karɓi ɗanta na ba wagga yarinya. In maganar maza ce, to ni na haifi namijin."

Na ɗora Inna a kan jakin, na ja shi muka bi ta gaban masallaci muka koma gida.

Jakin yana wurina har yau. Yaya ya yi kusan shekara ba ya amsa gaisuwata, ni ma ban fasa gaishe shi ba, amma a tsaye. Da maigidana ya dawo ya fara cewa na kunyata shi a gari, na ce ya zauna, na ba shi labarin tun daga safiyar farko har ƙarshe, na nuna masa tabon duwatsu a ƙafata. Bai ba ni haƙuri da baki ba, mazanmu ba su iya wannan ba, amma washegari ya ɗauki gatari ya tafi daji ya saro mini itace. Diloli kuwa ba guba ta raba mu da su ba. Mu matan bakin gari muka haɗu muka yi ta jawo ƙaya, muka kewaye garkunanmu da shinge mai kauri da tsayi, muka riƙa shigar da dabbobi tun rana ba ta faɗi ba. Da suka ga ba sa samun komai, kuma zafi ya shigo, sai suka rage zuwa. Angulaye ne ba su dawo ba. Yanzu in dabba ta mutu a garinmu sai ta kumbura ta yi ta wari har a rasa inda za a sa hanci, yaran da aka haifa bayan nan kuma ba su san kamannin angulu ba.

Abin da wannan al'amari ya koya mini shi ne, mutanen da tsoro ya kama suna saurin yin kyauta, amma da kayan wanda suka san ba zai yi magana ba. Na kuma gane cewa duk wanda ya zo ya ce zai yi maka aiki ba ya son komai, to ka tsaya ka duba da kyau, akwai abin da zai ɗauka, bai dai faɗa ba ne. Kunya abu ne mai kyau, da ita nake renon 'ya'yana mata. Amma ina gaya musu cewa ranar da aka zo kwance abin da yake nasu, kada su yi magana ta bayan labule. Su fito tsakar gida, su riƙe igiyar da hannu biyu, su ce a'a da ƙarfin da duk gari zai ji.